Darasi: Ƴan lise da guntayen taba

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ƙaramin abu yake, wanda kowa ke takawa bisa hanya bai kula ba. Shi ne guntun taba sigari. A duba ƙofar tasha, da wurin mai shayi, da bakin kasuwa, da gindin icce inda samari ke zaman fada. Ko'ina ga su nan zube. A wasu ƙasashe ƴan makarantar lise sun tashi tsaye a kan wannan ƙazanta. Suna tsinta, suna ƙidaya, sa'annan su kai wa manya su gani da idonsu. Bari mu ji dalili, mu kuma ga yadda namu yara za su yi.

Mi ke cikin guntun taba?

A gindin karan sigari akwai wani abu fari mai taushi. Sunansa filta. Mutane da yawa suna tsammani auduga ce. To, roba ce, dangin leda. Auduga takan ruɓe cikin damina ɗaya. Filta kuwa yana iya kai shekara 10 cikin ƙasa. Ko ya ɓace wa ido, farfashewa ya yi ƙanana-ƙanana, ya gauraya da ƙasa da ruwa.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7000. Wajen 70 daga cikinsu suna kawo ciwon sankara. Wani kashi na wannan dafi yana maƙalewa cikin filta. Shi ya sa filta ke komawa ruwan ƙasa bayan an sha. In ruwa ya jiƙa shi, sai dafin ya fito. Kada kuma mai shan taba ya ce filta yana kare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce babu shaidar filta yana tsare lafiyar kowa.

A shekarar 2022 wannan hukuma ta ce guntayen taba wajen miliyar 4500 ake zubarwa cikin duniya kowace shekara. Miliyar 1 ita ce miliyan 1000. In an raba wa mutanen duniya duka, har da jarirai, kowa zai samu fiye da 500.

Ɓarnar da yake yi

Ta farko ga ruwa. In an yi ruwan sama, malale yana kwashe shara zuwa gulbi da tabki. A jami'ar San Diyego ta Amurka, masana sun yi gwaji, sun bayyana shi a 2011. Sun jiƙa guntun taba 1 cikin lita 1 ta ruwa, sun saka ƙananan kifaye. Cikin kwana 4 rabin kifayen sun mutu. Masunta na Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, da na bakin kogi a Yamai, wannan zance naku ne.

Ta biyu ga shuka. A Ingila, a 2019, an gwada shuka ciyawa cikin ƙasa mai guntayen taba. Irin bai tsira da kyau ba kamar na ƙasa mai tsabta, kuma tsiron bai yi tsawo ba. Manomi ya tuna da haka in yana kwasar juji zuwa gona, ko zuwa garkar albasa da salati.

Ta uku ga yara da bisashe. Yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai wa. In ya haɗiye guntun taba, dafin nikotin yana sa shi amai da kasala. A kai shi likita maza-maza. Kaji da awaki su ma suna tsintar abin da ke ƙasa.

Ta huɗu gobara. Bayan kaka ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa. Guntu ɗaya da ba a kashe ba ya isa ya cinye rumbu, ko tarin kara, ko makiyaya ta tafiyar yini.

Abin da ƴan makaranta suka yi

Tun 1986 ake yin ranar sharar bakin teku kowace shekara. An soma a Amurka, ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ƴan makaranta suna cikin masu fitowa. Dokar aikin ita ce duk abin da aka tsinta sai an rubuta. Da aka tara lissafi, sai aka ga shekara da shekaru guntun taba ne ke kan gaba wajen yawa.

Tun 1996 kuma matasan Amurka suna da rana ta yaƙi da taba. A jihar Kaliforniya ƴan lise sukan zaɓi wurin wasan yara ko kewayen makaranta. Su tsince guntayen, su ƙidaya, su zuba cikin kwalabe. Su ɗauki kwalaben zuwa zaman majalisar gari, su ajiye gaban shugabanni, su faɗi yawan abin da suka samu da inda suka same shi. Gani ya kori ji.

Ƙidaya tana da amfani, domin hukuma da lissafi take aiki. A 2009 birnin San Faransisko ya duba abin da yake kashewa wajen share guntayen taba. Sai ya ɗora santi 20 na kuɗin Amurka bisa kowane kwali, kusan dala 20 na kuɗinmu, don biyan masu shara. Daga watan Janairu na 2020 jihar Kaliforniya ta hana shan taba a bakin teku da wuraren shaƙatawa da ke hannunta. A Faransa, tun 2021, kamfanonin taba ne ke biyan wani kashi na kuɗin wannan shara.

Mu fa?

Ƙasarmu tana da doka. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. Ran 15 ga watan Mayu na 2006 aka kafa dokar da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, kamar makaranta da likita, ta kuma hana sayar wa yara. Amma doka tana bisa takarda, guntaye suna bisa ƙasa. In an tsinci 300 a ƙofar makaranta, to, an san ana shan taba a wurin. Ƴan lise da ƴan kwaleji sun iya rubutu da lissafi. Ga yadda za su yi:

1. A nemi izinin shugaban makaranta da na mai unguwa.
2. A zaɓi wuri ɗaya, a auna shi da taki. Misali taki 50 daga ƙofar makaranta.
3. Kada a taɓa da hannu tsirara. A sa safar hannu, ko a yi awartaki da kara biyu. Ƙananan yara su tsaya gefe.
4. Mutum biyu su tsinta, ɗaya ya rubuta cikin kaye: rana, wuri, da yawan guntaye.
5. A zuba cikin gorar roba wadda ake ganin cikinta, a rufe da marfi.
6. A wanke hannu da sabulu.
7. A nuna wa mai gari, da liman, da iyayen yara, da hukumar gari.
8. Bayan wata 1 a koma wurin, a sake ƙidaya. Nan za a san ko an ci gaba.

In an gama nunawa, kada a ƙone su, hayaƙinsu dafi ne. Kada a zuba cikin taki, ko kusa da rijiya. A bar su cikin gora a rufe, a kai wurin da hukuma ta keɓe don shara.

Yara su yi magana da ladabi. Mai tebur da mai shayi ba abokan gaba ba ne, abinci suke nema. A roƙe su su ajiye gwangwani da rairayi kusa da benci, mai sha ya kashe tabarsa ciki. Manya kuma su kama wa yara, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran 31 ga watan Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, ta dace da fara wannan aiki. Babban magani dai shi ne barin taba. Saurayin da ya tsinci guntaye cike da gora, ya shaƙi warinsu, zai yi tunani kafin ya kunna kara na farko.

Lissafi

A wata fada akwai mutum 6 masu shan taba. Kowa yana shan kara 5 a yini. 6 sau 5, guntu 30 ke nan a yini. Cikin kwana 30, guntu 900.

1. Guntu nawa za su zubar cikin kwana 365?
2. Kwali 1 kara 20 ne. Guntu 900 kwali nawa ke nan?

Tambayoyi

1. Da mi ake yin filta?
2. Ku faɗi ɓarna 4 da guntun taba ke yi.
3. Don mi ake ƙidaya guntayen kafin a zubar?
4. A garinku, ina ne guntayen taba suka fi yawa?

Ku tattauna waɗannan tambayoyi a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Garin da ya gwada wannan aiki ya rubuto mana yawan abin da ya ƙidaya. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, amin.