Darasin Wannan Fitowa: Mece ce "Empowerment"?

Na san kin sha jin ana cewa "an kawo emfawamen", ko a Birnin Kudu ko a Gwaram, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Da yawanmu mun ɗauka sunan keken ɗinki ne ko injin markaɗe. To ba haka ba ne.

Kalmar Turanci ce, "empowerment". Tushenta "power", wato iko ko ƙarfi. Da aka liƙa mata "em" a gaba sai ta zama aikatau: a ba mutum iko. Ita kuma "ment" ta ƙarshe ta mai da ita suna. Ma'anarta ke nan a Hausa: ba mutum ikon tsayawa da ƙafarsa da yanke shawara kan al'amuransa.

Kalmar ta yaɗu sosai bayan taron mata na duniya da aka yi a Beijin ta ƙasar Sin a 1995, kuma a 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a muradi na uku cikin muradun ƙarni guda takwas. A nan Jigawa ma an raba wa mata awaki da wannan suna a zamanin Gwamna Badaru, 2015 zuwa 2023.

Abin lura shi ne, tallafi daban, ba da iko daban. Tallafi yana ƙarewa ranar da aka cinye shi. Matar da aka miƙa wa keke ba a koya mata yanka atamfa ba, ƙarshenta keken ya tafi kasuwar Sara a rabin kuɗinsa. Wannan kyauta aka yi mata, ba iko aka ba ta ba.

Don haka idan an rubuta sunanki, yi tambaya uku. Za a koya mini sana'ar? Kyauta ce ko bashi, kuma yaushe zan biya? Ribar a hannun wa za ta zauna? Ki tuna a shari'a dukiyar mace tata ce, miji ba ya taɓawa sai da yardarta.

Aikin gida: ki bayyana wa maƙwabciyarki wannan bambanci da Hausa zalla. Allah Ya sa mu dace, amin.