Waya ta iya Faransanci, me ya rage wa mai buga takardu?

Wani matashi ya aiko da tambaya daga Wagadugu. Yana da ɗan shagon buga takardu, inda 'yan kasuwa ke zuwa ya rubuta musu wasiƙu da Faransanci. Ciniki ya ja baya, domin yanzu 'ya'yansu ne ke sa ChatGPT ya rubuta a waya. Ko ya rufe shagon?

Ƙanena, kada ka rufe, amma kada ka ruɗi kanka. Tun fitowar wannan manhaja a Nuwamban 2022, tsara Faransanci mai kyau yake ta rasa kasuwa, kuma ba zai farfaɗo ba.

Tambayi dattawan Tiendpalogo da Zangouettin. A 2003 aikin sake fasalin tsakiyar Wagadugu da ake kira ZACA ya rushe unguwanninsu, aka kai jama'a Ouaga 2000 da Nioko, kuma a shekarar ce gobara ta cinye kasuwar Rood Woko. Za su gaya maka wanda ya dogara da bakin titi ya sha wuya, wanda kuwa aka sani da amana an bi shi har inda ya koma.

Amanar nan ita ce jarinka. Alhaji zai zauna gabanka, Hausa haɗe da Mosanci, ya ɗauko labarin kayansa da aka riƙe a duwan tun daga tushe, bai ma san abin da zai nema ba. Kai za ka tsamo buƙatar. Ba wa na'ura ta tsara, sannan ka bi layi-layi. Takan ƙirƙiro lambar dokar da babu ita. Idan Alhaji ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, ita kuwa tana iya rubuta 20. Karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu. Lambar katin ɗan ƙasa da sirrin cinikinsa kuwa, kada ka zuba su a ciki.

Ka daina karɓar kuɗi bisa yawan shafi. Yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya: rubutu, tambur, ofishin da za a kai, da bibiya har amsa ta fito. Ka kuma koyi Excel a wannan watan, ka fara haɗa wa masu shaguna biyu ko uku lissafin Orange Money da Moov Money da littafin bashinsu kowace Asabar.