Aikatau da ƴar rakiyarsa a harshen Ingilishi

Daga Maraɗi zuwa Katsina ba a yin wuni guda a mota. Wanda ya bi ta Ɗan Isa ya ƙetare iyaka, da ya isa Jibiya sai ya ga rubutun da ke jikin alluna da kantuna ya sake. Ba Faransanci ba ne, Ingilishi ne, harshen gwamnatin Nijeriya. Haka kuma wanda ya tashi daga Damagaram ya nufi Kano. A Nijar, yara suna soma koyon Ingilishi a ajin farko na kwaleji. Akwai abu guda da yake ba su wahala ƙwarai, gara a san shi tun yanzu.

Aikatau shi ne kalmar da ke nuna aiki, kamar zo, tafi, ci, sha. A Hausa, wani lokaci aikatau yakan ɗauki wata ƴar kalma ta raka shi. In an ce Audu ya zo, an san shi kaɗai ya iso. In an ce Audu ya zo da ruwa, ma'ana ta sake, ya kawo ruwa ke nan. Kalmar «da» ƙarama ce, amma ita ta juya maganar. Wani lokaci kuma ƙarshen aikatau ne yake sakewa: Binta ta fita, Binta ta fito, Binta ta fitar da akuya.

Ingilishi ba ya taɓa ƙarshen aikatau domin wannan. Ƴar rakiya yake ba shi. Fita shi ne «go out», fito «come out», fitar da «take out». Shiga shi ne «go in», shigo «come in». Waɗannan ba su da wuya, domin «out» waje ne, «in» kuwa ciki.

Wuyar tana ga irin su «look». Shi kaɗai, ma'anarsa duba. Amma a ga abin da ƴan rakiya suke yi masa:

«Binta is looking at the goat.» Binta tana kallon akuya.
«Binta is looking for the goat.» Binta tana neman akuya.
«Binta is looking after the goat.» Binta tana kula da akuya.

Binta ɗaya, akuya ɗaya, aikatau ɗaya, amma labari uku. A na farko akuya tana gabanta. A na biyu ta ɓace, wataƙila ma ta faɗa gonar mutane. A na uku an bar mata amanarta. Hausa tana da kalma dabam ga kowanne, Faransanci ma haka: «regarder», «chercher», «s'occuper de». Ingilishi kuwa ƴar rakiya kawai ya sake. Wanda bai kasa kunne ga ƴar kalmar nan ba, bai ji maganar ba.

Ɗalibin da ya iya Hausa da Faransanci yana da tarkon da yake jiransa. A Hausa ana cewa ina jiran yayana. A Faransanci, «j'attends mon frère». Duka biyu babu komai tsakanin aikatau da yaya. Sai ɗalibi ya rubuta «I am waiting my brother», yana ganin ya yi daidai, tun da harsuna biyu sun ba shi shaida. Kuskure ne. Abin da ake faɗa shi ne «I am waiting for my brother». Haka ma sauraron rediyo, «listen to the radio» ne, ba a yar da «to». Akwai kuma «ask». In an ce «ask the teacher», a tambayi malam ake nufi. In an ce «ask for water», a roƙi ruwa ke nan.

Tarkon yana da baki biyu. Akwai inda Hausa da Faransanci suke sa ƴar rakiya, Ingilishi kuwa ya ƙi ta. Ana cewa amsa wa malam, «répondre au maître», amma «answer the teacher». Ana cewa shiga cikin ɗaki, «entrer dans la chambre», amma «enter the room». Ba wata doka da za ta gaya wa mutum wannan tun da wuri. Kowane aikatau da halinsa.

Wasu kuma, ko an san ma'anar kalmomin biyu, ba a gane su. «Put» shi ne sa, ko ajiye. «Out» waje ne. To, a ce an gama dafa tuwo da dare, lokacin hunturu, iska tana kaɗawa, sai uwa ta ce wa ɗanta «put out the fire». In yaron ya fassara kalma bayan kalma, sai ya kwashi garwashi ya kai waje, gindin zana. Da safe ba a samun zanar, wataƙila har da rumbu. Abin da aka ce masa shi ne ya kashe wuta. Irin wannan ne «give up»: «give» bayarwa, «up» sama, amma haɗinsu dainawa ne. «He gave up smoking», ya daina shan taba. Saboda haka ɗalibi mai wayo ba ya rubuta «put» shi kaɗai a littafinsa. Yana rubuta «put on a shirt», sa riga, da «put out the fire», kashe wuta, kowanne cikin jimlarsa, ya haddace su kamar kalma guda.

Sai maganar wurin zama. Ana cewa «put on your shirt», ana kuma cewa «put your shirt on», duka daidai ne. Amma in wakilin suna ya maye gurbin riga, dole ya shiga tsakiya: «put it on». Ba a cewa «put on it». Su «look at», «look for», «wait for» da «listen to» kuwa ba a raba su ko kaɗan: «look at it», «wait for her».

Wanda ya san Faransanci yana da riba guda. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi, wanda littattafan Faransanci suke kira Giyom, ya ƙetare teku daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Shekaru masu yawa bayan haka, Faransanci ake yi a fada da gaban alƙalai, kalmominsa da yawa suka shige cikin Ingilishi. Shi ya sa sau da yawa abu ɗaya yake da suna biyu: «go in» da «enter», «come back» da «return», «go on» da «continue». Na biyun sun yi kama da «entrer», «retourner» da «continuer», ɗalibi yana gane su nan take, kuma yana iya amfani da su in na farkon ya ɓace masa. Sai dai a takardu aka fi samun su. A tasha da kasuwa da gida, gajerun nan masu ƴar rakiya ake ji. Mai gida da ya ji sallama, «come in» yake cewa.

Aiki

1. A cika gurbi da «at», «for», «after» ko «to»:
Sani is listening ..... the radio.
Hadiza is looking ..... her lost shoe.
Mother is at the well. Zara is looking ..... the baby.

2. A gyara waɗannan: «Wait me.» «Put on it.» «Answer to the teacher.»

3. A nemo aikatau biyar na Hausa masu tafiya da «da», kamar gamu da, tuna da. A sa kowanne cikin jimla.