Amsoshin Tambayoyinku: Atisayen Soja a Cikin Gari

Malam Sani daga Zinder yana tambaya: wai da gaske ne sojojin Amurka kan yi atisaye a tsakiyar farar hula?

Da gaske ne, Malam Sani. Sunan atisayen Robin Sage, ana yin sa a jihar Karolina ta Arewa. Robin Sage shi ne gwajin ƙarshe ga masu neman zama zaratan sojoji. Akan mayar da yankin wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Pineland, mazauna garuruwan su fito a matsayin 'yan tawaye ko masu ba su mafaka. Harsasan da ake amfani da su a atisayen ƙara kawai suke yi, ba sa kisa. A shekarar 2002 wani ɗan sanda ya harbe soja ɗaya bisa rashin sani, shi ya sa ake sanar da jama'a da 'yan sanda kafin a fara.