Yadda ake riƙe gyaran gida a manhajar ODK ba tare da an rabu da tushe ba

Daga Minjibir, inda cibiyar IITA ke da gonar gwaji, har zuwa Ɗambatta da Kunchi, gona manne take da gona, kuma mai ɗaukar bayanan amfanin gona yakan wuni a ƙauye babu sabis. Don irin wannan aiki aka yi ODK Collect, manhajar da aka faro aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, wadda ma'aikatan yaƙi da shan-inna suka yi amfani da ita a Najeriya. Rubutunta a buɗe yake a GitHub, kowa na iya ɗauka ya gyara. Wuyar takan zo ne ranar da masu ita suka fitar da sabon zubi, kai kuwa gyaranka ya warwatsu cikin tsohon.

Kafin ka taɓa komai, duba ko bukatar ta kai ga taɓa manhajar. Dami, tiya, buhu, sunayen unguwanni, tambayoyi da Hausa, duk a fom suke zama, wanda ake rubutawa a Excel bisa tsarin XLSForm. A ganina yawancin abin da ake kira gyara a nan yake ƙarewa.

In ya zama dole, ka kwafo rumbun rubutun manhajar da Git, ka riƙe reshe biyu. Na farko yana bin na masu manhajar sau da ƙafa, ba ka sa masa ko ɗigo. A na biyu kake ɗora naka, kowane faci shi kaɗai, da dalilinsa a rubuce, domin wanda zai gaje ka.

Gradle ne ke harhaɗa manhajar. A nan za ka sauya applicationId, da suna, da tambari, yadda taka za ta zauna a waya ɗaya da ta asali ba rikici. Manhajar KoboCollect ma daga ODK Collect aka tsago ta. Duk saitin da zai iya zama a fayil na dabam, ka fitar da shi can.

Sai mabuɗin sa hannu, kuma nan nake so a natsu. Android ba ya yarda sabon zubi ya hau kan tsoho sai an sa musu hannu da mabuɗi ɗaya. Idan ya ɓata, sai an cire tsohuwar manhajar daga kowace waya, bayanan manoman da ba a riga an tura ba kuma su tafi tare da ita. Wahalar mutanen da suka sha rana a kan babur ke nan. Kada ka sa mabuɗin cikin rumbun Git. Ka ajiye shi wuri biyu, a hannun mutum biyu amintattu.

Sabon zubi na fitowa, ka jawo shi da git fetch, ka mayar da facinka samansa da git rebase. Inda suka yi karo, ka karanta abin da masu manhajar suka sauya tukuna. Wani lokaci za ka tarar sun magance matsalar da kansu, sai ka yar da naka. Ka ƙara lambar zubi, ka harhaɗa, ka gwada a ƙaramar itel ko Tecno irin ta ma'aikata, da data a kashe, a kan tsohuwar manhaja mai ɗauke da fom ɗin da ba a tura ba. Kada a raba sabuwa ana tsakiyar kaka. A bari a gama auna gero da wake.

Gyaran da zai amfani kowa kuwa, miƙa shi ga masu ODK ta GitHub, fassarar Hausa kuma ta Transifex. Da zarar sun karɓa, sai ka goge wannan facin daga reshenka.