Darasi: Yadda Za A Aika Ɗan Kuɗi Zuwa Nijar Ba Tare Da Asara Ba

'Yan'uwa, da yawanmu a Burkusuma, Sabon Birni da Isa muna da dangi a tsallaken iyaka, wajen Maradi da Gidan Rumji. In za ka aika musu ɗan abin cefane, kada ka tsaya kan ladan aike kawai. Galibi a wurin canji ake yin asarar.

Dalili kuwa shi ne, sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, naira kuma hawa da sauka take yi, musamman tun watan Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta yanka mata farashi. Saboda haka farashin makon jiya ba shi ne na yau ba. Ka je wurin 'yan canji biyu ko uku, ka yi wa kowanne tambaya ɗaya: "Bayan an cire komai, sefa nawa za ta shiga hannun mai karɓa?"

A kula da lissafi kuma, domin nan ake yawan samun saɓani. A wurinmu jaka naira 200 ce, a Nijar kuwa jika sefa 1,000 ce, dala ɗaya kuma sefa 5. In an ce maka dala ɗari, sefa 500 ake nufi. A rubuta adadin da lamba, a karanta wa mai karɓa ta waya.

Kuɗi kaɗan shi lada ya fi ci. Idan gidaje uku za su aika gari ɗaya, gara su haɗa a tura sau ɗaya ta hannun ɗan kasuwa amintacce, a can a raba. Ga halin da hanyoyinmu suke ciki, wannan ya fi ɗaukar tsabar kuɗi a aljihu.