Idan An Tsare Mutum Ba Bisa Doka Ba, Ina Zai Kai Kuka?

A ce wani saurayi a Rogo ya ci bashin taki, kaka ta yi bai biya ba, ya gudu ci-rani. Mai bashi ya kai ƙara caji ofis, aka kama uban yaron, aka kulle shi kwana biyar. Mutanenmu kan ce a yi haƙuri a bar wa Allah. To, ɗalibai, ku sani doka ta ba dattijon nan ƙofar shiga.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kamu saboda bashi kawai. Sashe na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya, da kuma neman gafara a bainar jama'a.

Amma diyya ba ta zuwa da ƙafarta. Sashe na 46 ya ce a shigar da ƙara a Babbar Kotu da ke jihar. Nan ne mutanen Karaye da Rogo kan ruɗe, domin kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci, waɗanda suka fi kusa da su, ba su da hurumin wannan ƙarar. Ka'idojin 2009 sun sauƙaƙa hanya: ba sai an nemi izinin kotu tukuna ba, daɗewa ba ta kashe ƙarar, kuma ɗan'uwa yana iya shigar da ita a madadin wanda ke tsare. Hujja kuwa takardar rantsuwa ce, saboda haka a riƙe ranar kamu, da wurin, da shaidu.

Manya ma ta wannan ƙofa suke bi. Bayan an tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II a 2020 aka kai shi Awe, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a 2021 cewa an tauye masa haƙƙi, ta ba shi diyyar naira miliyan 10.

Cin shari'a daban, karɓar kuɗin daban, don fitar da diyya daga asusun hukuma yakan ɗauki shekaru. Wanda ba shi da kuɗin lauya, ya nemi Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kano.